Yadda ake koyon kokowa a Maraɗi, daga rairayin Gulbi zuwa filin Kantu

Da an gama kaka, hatsi ya shiga rumbu, gyaɗa da aya sun kama hanyar kasuwa, sai ganga ta fara tashi da la'asar a garuruwan bakin Gulbi. A nan ne samari ke tuna suna da ƙarfi. Kowa ya ɗaura walki ya faɗa fage, kuma da yawansu kafin makaɗi ya ƙare wasa su, har an fara kaɗe musu rairayi a baya. Yaron da ya yi damina guda yana duƙe a gona ai ba ƙarfi ya rasa ba. Tsayuwa ce bai iya ba, kuma babu wanda ya zaunar da shi ya koya masa.

Duba yadda gasar Takobi take, wato babbar gasar kokowa ta ƙasar Nijar, za ka gane abin da ya sa na fara daga nan. A 1975 aka buɗe ta a Tawa, inda Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, ya ɗauko takobin farko ya kawo Maraɗi, shi ne ma aka sa wa filin kokowar garin nan sunansa. Yau jihohi 8 ke haɗuwa, kowace da ƴan kokowa 10, mutum 80 ke nan, kuma ba a raba su da nauyi: mai kilo 75 yana iya samun kansa gaban mai kilo 110. Masu neman takobi kuwa su ne waɗanda ba a kayar ba. Ka kayar da mutum biyar a jere, na shida ya sa ka ƙasa, to kai da takobi sai baɗi. Don haka tsarin koyo shi ne: maigida (wato mai horar da kai) da fili, faɗuwa, tsayuwa, gina jiki, kamu, sannan kaye. Yara daga kaye suke son farawa, shi ya sa maɗora ba sa rasa aiki da hunturu.

Da farko: maigida, fili da abokin kamu

Ba a koyon kokowa a waya. Hotunan Takobi da ke yawo a WhatsApp za su nuna maka yadda aka kayar, amma ba za su nuna maka abin da ƙafar hagu ta yi kafin kayen ba. Nemi tsohon ɗan kokowa. Ba su da wuyar samu, daga Bagalam da Mokoyo har Tibiri, Jiratawa da Madarunfa, da wuya unguwar da babu wanda ya taɓa ɗaura walki. Ka fara da iznin mahaifinka, sannan ka je da ƙafarka, ka durƙusa ka gaida shi, in da hali da ɗan goro a hannu, ka ce, "Baba, so nake in shiga hannunka." Kada ka aika wani.

Kafin ka miƙa wuya, zauna gefe ka kalli horonsa. In ka ga yana haɗa sabon yaro da ƙato don a yi dariya, tashi ka nemi wani. In maganarsa ta farko kuɗin laya ce, shi ma haka. Na ƙwarai za ka ji bakinsa bai rabo da "Sauka ƙasa!", "Ɗaga kanka!", "Ina ƙafarka?"

Fili kuwa rairayi ake so mai laushi, zurfinsa kamar santimita 20 zuwa 30, faɗinsa taki goma ko kusa da haka. Da rani cikin Gulbi kansa fage ne na kyauta, tunda ruwa ba ya gudu a ciki sai da damina. In a cikin unguwa ne, a haɗa kuɗi a sa mai amalanke ya kawo rairayi. Kafin kowane horo a bi fili a tsince fasasshiyar kwalba, ƙusa, tsakuwa, ƙaya da ƙarangiya, kuma wanda zai faɗi a wurin shi ya fi cancanta ya duba, ba ƙananan yara ba. Da hunturu a yayyafa ruwa saboda ƙura, amma kada a jiƙa har ya kwanta, don tauri yake yi. A jera buhunan rairayi a zagaye su zama iyaka yadda ake yi a manyan filaye, ka saba da sanin inda fage ya ƙare ba tare da ka waiwaya ba.

Abokin kamu a watannin farko ya zama sa'anka a nauyi, mai haƙuri, wanda ba ya ɗaukar horo a matsayin faɗa. Mai ƙaba, mai amosanin jini, mai farfaɗiya, mai fuka, da wanda zuciya ke masa ciwo in ya yi gudu, su fara ganin likita. A yanke farce, a cire zobe da agogo. Mai makenkero ko ƙazuwa ya zauna gida har ya warke, tunda fata da fata ake gogawa.

Mataki na biyu: koyon faɗuwa

Wani zai ce, ya mai gudun faɗuwa zai fara da koyon ta? Dalili biyu ne. A wajen horo za ka sha ƙasa ba adadi, kuma yawancin karayar da ake samu daga miƙa hannu a dafe ƙasa take zuwa: tsintsiyar hannu, gwiwar hannu ko ƙashin kafaɗa ne ke ɗaukar nauyin mutum biyu. Sannan mai tsoron faɗuwa jikinsa sandarewa yake yi, sandararren mutum kuwa shi ya fi sauƙin kayarwa.

Fara daga tsugune. Manna haɓarka da ƙirji, rufe baki, harshe a ciki, hannuwa a rungume a ƙirji. Mirgina baya, bayanka a lanƙwashe, kana fitar da numfashi lokacin da ka taɓa ƙasa. Ƙeya kada ta taɓa rairayi ko kaɗan. Yi sau 10. Sai ka koma gefe, dama da hagu, kana sauka kan bayan kafaɗa da gefen cinya, ba kan gwiwar hannu ba. In wannan ya zauna, ɗaga zuwa rabin tsayuwa, sannan tsaye, sannan abokinka ya riƙa tura ka a hankali ba tare da ya gaya maka ta ina ba. Mako biyu kana wannan a farkon kowane horo bai yi yawa ba.

Mai kayarwa shi ma da nasa ladabin. A horo ba ka sakin abokinka a sama, raka shi kake yi har ƙasa. Ba ka faɗa masa da gwiwa, ba ka soka kansa a rairayi. Shi ne zai kama ka gobe.

Mataki na uku: tsayuwa

Nan ne kokowa take, nan kuma za ka fi daɗewa.

Buɗe ƙafafunka su ɗan fi faɗin kafaɗa, ɗaya ta ɗan shige gaba. In ba ka san wadda za ta zama ta gaba ba, tsaya ƙafa haɗe wani ya tura ka ta baya ba shiri, wadda ta fara fita ta tare ka ita ce. Lanƙwasa gwiwoyi, tura ɗuwawu baya, bayanka a miƙe, kai a sama. Gwiwar hannu ta zauna kusa da haƙarƙari, tafin hannu a gaba ƙasa-ƙasa, hannun da ke gefen ƙafar gaba yana gadin gwiwarta. Nauyinka ya rabu tsakanin ƙafafu biyu, ya fi karkata ga gaban tafin ƙafa, dunduniya tana taɓa rairayi ba tare da ka zauna a kanta ba. Ka zama kamar turmi, nauyi duk a ƙasa.

Akwai bambanci tsakanin sauka da duƙawa, kuma a nan sababbi ke ɓata. Mai sauka gwiwarsa ce ta lanƙwashe. Mai duƙawa ƙafafunsa a miƙe suke, bayansa ya tanƙware, kansa ya wuce gwiwarsa. Shi yana ganin ya yi ƙasa, alhali da an dafa ƙeyarsa an fizga, sai hannuwa biyu a rairayi. Kishiyarsa shi ne mai tsayawa ƙiƙam, ƙirji a waje don ƴan kallo su ga jiki. Wannan ƙafafunsa da ƙugunsa ya bar wa jama'a sadaka.

Ido fa? Kada ka kalli idonsa, ido yana ƙarya. Kada kuma ka kafa ido a ƙafarsa, kanka zai sunkuya. Kalli tsakanin ƙirjinsa da cibiyarsa. Hannu na iya yaudara, kafaɗa na iya yaudara, amma duk inda ƙugu ya nufa can mutum za shi.

Sai tafiya a cikin tsayuwar. Ƙafar da ke kusa da inda za ka ita ke fara motsi, ɗayar ta biyo ta, faɗin da ke tsakaninsu bai canja ba. Kada su haɗu, kada su harɗe. Taki gajere, kana jan ƙafa bisa rairayi maimakon ɗaga ta, domin duk lokacin da ƙafa ɗaya ke sama nauyinka gaba ɗaya yana kan ɗayar, kuma wannan ɗan lokacin ne gwani ke jira. Kada ka ja da baya a miƙe fiye da taki biyu. In an matso ka, zagaya.

Ga yadda ake shigar da ita cikin jiki. Riƙe tsayuwar minti 1 ba motsi, cinya na zafi, kana ƙarawa har minti 5. Sannan ka yi yawo cikin fage a haka, gaba, baya, dama, hagu, bisa umarnin maigida. Sannan a zana ɗan da'ira mai faɗin taki uku, ku shiga ku biyu, hannu a baya, kafaɗa da kafaɗa, kowa na neman fitar da ɗan'uwansa. Wanda ya fi sauka ƙasa shi ke ci kusan kullum, ko da shi ne ƙarami, kuma gara yaro ya gano haka da jikinsa da a gaya masa sau ɗari. Kada kuma ka raina langa. Wasan yara ne, amma ban san abin da ya kai shi koya wa mutum tsayuwa da ƙafa ɗaya ana bangazar sa ba, ranar da aka kama ƙafarka a fage kuwa langa za ka yi ko kana so ko ba ka so.

Mataki na huɗu: gina jiki

Kowane horo a fara da ɗumama jiki minti 10 zuwa 15: sassarfa, juya wuya, kafaɗa, ƙugu, gwiwa da idon sawu, har zufa ta tsatso. Da sanyin hunturu a ƙara.

Bayan sallar asuba, gudu cikin rairayi. Fara da minti 20, ka kai 40 a hankali. Sau biyu a mako ka maye gurbinsa da gudun tsere gajere, kamar mita 30 sau 8, da hutu tsakani, don kokowa ba dogon gudu ba ce, tashi ɗaya ne mai zafi, a lafa, a sake. Ga ƙafa da ƙugu: tsugunna-tashi, goyon abokinka kana tafiya da shi cikin rairayi, da tsallen kwaɗo kaɗan, don yawansa na cin gwiwa. Ga ɗauka: cika buhu da rairayi kamar kilo 25, ka tsugunna ka rungume shi, ka miƙe da ƙarfin cinya bayanka a miƙe, ka yi tafiya da shi, kana ƙara nauyi har kilo 50. Ga hannu da yatsu: jan guga a rijiya da hawan igiyar da aka ɗaura a reshe mai ƙwari. Wuya kuma, dafa goshi da tafin hannu ka tura kai ba tare da ya motsa ba, ka ƙirga goma, haka ƙeya da gefe biyu. Tsayawa da ka a bar wa waɗanda suka daɗe.

Ɗakunan ɗaga ƙarfe sun yawaita a gari, kuma ba laifi ba ne shiga. Abin da nake ƙi shi ne yaro ya shekara yana hura ƙirji da dantse saboda hoto, ƙafafu kuwa ba a kula su ba. In za ka ɗaga ƙarfe, cinya da baya su ci rabo mafi tsoka.

Kwana uku kamu, kwana biyu ƙarfi, sauran hutu, Juma'a a ciki. Da bazara, lokacin da zafi ke haura digiri 40, horo sai da asuba ko la'asar sakaliya. Da azumi a rage, a mai da shi bayan asham.

Mataki na biyar: kamu

Kafin kaye akwai yaƙin hannu, wanda ƴan kallo ke ɗauka ɓata lokaci ne. Abin da ake nema shi ne ciki, wato hannunka ya shiga ƙarƙashin hammatarsa. Mai hannu biyu a ciki shi ke da ƙugun abokin karawarsa. Ku tsaya ƙirji da ƙirji, kowa hannu ɗaya a ciki ɗaya a waje, sai kowa ya riƙa zura na wajen zuwa ciki, kuna musaya dama da hagu, a hankali da farko, daga baya da gardama. Minti 5 kullum.

Kamun wuya: tafin hannu a ƙeyarsa, gwiwar hannunka a tokare da ƙirjinsa, ba a ɗage ba. In ka ɗaga ta, ka buɗe masa ƙofar hammata. In an kama tsintsiyar hannunka, murɗa ta wajen babban yatsansa, nan ne riƙo ya fi rauni. In ka zagaye ƙugunsa, kada ka sarƙe yatsu cikin yatsu, suna karyewa. Haɗa tafi da tafi ko ka kama tsintsiyar hannunka. Kanka ma hannu ne na uku: goshi a gefen wuyansa ko ƙarƙashin haɓarsa yana miƙar da shi tsaye, amma ɗorawa ake yi, ba gware ba. In zufa ta sa jiki santsi, ɗebi rairayi ka murza a tafi, kana yi idonka na kansa. Kada ka saba da dogaro da walki ko wando, jiki ake kamawa.

Naushi, mari, cizo, yaƙushi, maƙure wuya, murɗe yatsa, tsokane ido, watsa rairayi a fuska, kai hannu ga al'aura da shafa mai a jiki, duk ba kokowa ba ne. Mai son bugu ga dambe can, shi ma da nasa fagen da nasa dokoki.

Mataki na shida: kaye

Ba a kayar da mutum yana tsaye daidai, sai an raba shi da tsayuwarsa. Tura shi, zai turo ka, a cikin turowar ka ja. Ja shi, zai toge baya, a cikin togewar ka shiga. Kowane kaye gaɓa uku ne: motsa shi, shiga, ƙarasa, kuma na farkon shi ne wanda ake mantawa.

Kamun ƙafa ɗaya shi ne abin da ƙarami ke cin babba da shi. Fizgi wuyansa ko hannunsa har ya tako ƙafa gaba. Sauka da gwiwa, ba da baya ba, ka taka zuwa gefen ƙafar, kanka a manne da haƙarƙarinsa, ka rungumi bayan gwiwarsa da hannu biyu, ka miƙe da ita ka matse ta a jikinka. Kada ka tsaya kallo. Ko ka zagaya baya kana jan ƙafar yana bin ka da tsalle har ya zauna, ko ka share ƙafar da ta rage masa. Ka lura da abu ɗaya: a kokowar Turawa da kake gani a talabijin suna zubewa kan gwiwa su kamo ƙafa. A fagenmu sa gwiwa da hannu a ƙasa yana iya zama kaye a kanka, don haka a kan tafin ƙafa ake shiga. In ƙafarka aka kama, danna kansa ƙasa, zura hannu ta kan kafaɗarsa ka matse dantsensa, saukar da nauyinka kan ƙafar da ya riƙe kana tura ta ƙasa, kana tsalle da ɗayar kana bin duk inda ya juya.

Taɗiya iri biyu ce. Ta waje: kuna riƙe da juna, ka karkatar da nauyinsa kan ƙafa ɗaya, ka taka gefenta, ka sa bayan ƙafarka a bayan tasa ka share, ƙirjinka na tura shi. Ta ciki: ka zura ƙafarka tsakanin nasa ka harɗe sharaɓarsa, ka bi shi da ƙirji. Sirrinta ɗaya, ƙafar da nauyi ke kai ake taɗewa, kuma sama da ƙasa tare suke aiki. Wanda ya miƙa ƙafa daga nesa jikinsa na baya, shi za a taɗe.

Ɗauka ita ce mai tada fili, ita ce kuma mai karya bayan wanda bai iya ba. Sai ka samu hannu biyu a ƙugu, ka matso har cikinka ya haɗu da nasa, ƙugunka ƙasa da nasa, sannan ka miƙe da cinya. Da ƙafarsa ta bar ƙasa, juya shi gefe nan take, kada ka tsaya da shi a sama kana jiran guɗa, don zai harɗe ƙafarka ku tafi tare, wataƙila ma kai a ƙasa. Maganinta kuwa, da ka ji hannu ya zagaye ƙugunka, ja ɗuwawu baya, sauka, tokare ƙugunsa da hannu. In har an cira ka, saƙala ƙafarka a tasa.

Akwai juyi ta ƙugu, inda kake shigar da ƙugunka gabansa ka kifar da shi ta kai. Kyakkyawa ce, amma bayanka kake ba shi, in ka makara ko kaɗan ya rungume ka ta baya. A bar ta sai shekara ta biyu.

Kada ka tara dabaru. Zaɓi biyu da suka dace da jikinka, gajere ya riƙe kamun ƙafa, dogo ya riƙe taɗiya, ka maimaita kowace sau 20 dama, 20 hagu, abokinka bai hana ba, sannan yana hanawa kaɗan, sannan da gaske. In biyun sun zauna, ɗinke su: ya janye ƙafar da ka nema, nauyinsa ya koma ɗayar, taɗiya na jiran ta.

Ciki, ruwa da ƙwaya

Abin da ƙasarmu ke nomawa ya isa gina ɗan kokowa: fura da nono, tuwon hatsi, wake, ƙuli-ƙuli, kwaɗon zogale, aya da dabino, ƙwai, nama in an samu, kifin tafkin Madarunfa in ya shigo kasuwa. Abinci mai nauyi a ci awa uku kafin kamu. Ruwa a sha kafin horo, a kurɓa a tsakiya, a sha bayansa. Fitsari in ya yi ja, ruwa ne bai isa ba. Barcin dare kuwa ba abin da ke maye gurbinsa, zaman shayi har ƙarfe biyu da gudun asuba ba sa haɗuwa.

Taramol da ƴan'uwanta: wani zai ce maka tana kashe gajiya. Ciwo take ɓoyewa, sai ka ci gaba da kokowa kan jijiyar da ta riga ta yage. Tana kama mutum ya kasa bari, tana kuma jawo jijjiga irin ta farfaɗiya. Wanda ya miƙo maka ita a bakin fage, ko wane ne shi, ka bar hannunsa.

Walki, layu da kirari

Walki da kambu da guraye adon fage ne, kirari da kiɗa kuma suna tada tsumi, ga cali-cali na ba jama'a dariya tsakanin karawa. Ba na hana kowa addu'ar iyaye da ta malamai. Amma ka tuna abokin karawarka shi ma da nasa malamin, kuma Isaka Isaka na Doso bai ɗauki takobi har sau 6 don ya fi kowa yawan layu ba. Duk abin da za ka ɗaura kada ya zama mai ƙarfe ko kaifi, kada kuma ka sha jiƙon da ba ka san abin da ke ciki ba ranar karawa, zawo ya kayar da kai kafin a busa usur. Kirari ka yi daidai ƙarfinka. Sabon yaro mai zagin manya a kirari neman a ɗaga shi sama yake.

Ranar fage

Ba a fafe gora ranar tafiya: kwana biyu kafin karawa a daina horo mai nauyi, kada kuma a gwada sabuwar dabara. Je da wuri, ka taka filin ka ji zurfin rairayinsa. Saurari alƙalin wasa in yana faɗin doka. Kai, baya, ɗuwawu ko haƙarƙari a ƙasa kaye ne a ko'ina, amma hukuncin hannu da gwiwa da tsawon lokaci ka ji su daga bakinsa, don fagen ƙauye da gasar hukuma ba lalle su zo ɗaya ba. Ɗumama jiki kafin a kira ka. In an busa, kada ka ruga, amma kada ka yi ta gudu, don ƙin kokowa na jawo gargaɗi, gargaɗi kuma na iya ba da kai ba tare da ka taɓa ƙasa ba. Cikin ihun jama'a murya ɗaya za ka nema, ta maigidanka. Kada ka saki kamu sai ka ji usur. In ka kayar, miƙa hannu ka tada shi. In an kayar da kai, tashi ka ba shi hannu, gardama da alƙali aikin maigida ne.

In an samu rauni, targaɗe a huta, a sa ƙanƙara cikin tsumma minti 15, a ɗaure, a ɗaga ƙafar, kada a murza da zafinsa. Gaɓar da ta canja kama ko ta kasa ɗaukar nauyi, a kai asibiti a yi hoto kafin a yi maganar ɗori. Wanda kansa ya bugu ya suma, ko yana amai, jiri, ko bai san inda yake ba, kokowarsa ta ƙare ranar ko da ya rantse lafiya lau yake, kuma likita ne zai ce ga ranar komawa. Wanda ya faɗi kan wuya yana cewa hannu ko ƙafa sun mutu, kada a ɗaga shi, kada a ja wuyan, a riƙe kansa yadda yake har masu ɗaukar marasa lafiya su zo.

Hanyar shiga cikin goman Maraɗi daga ƙasa take farawa: fagen unguwa da na ƙauye, sannan karawar gundumomi, Madarunfa, Gidan Runji, Dakwaro, Mayahi, Tasawa, Agye da sauransu, sannan zaɓen jiha. Tanadi takardar haihuwa da katin ɗan ƙasa tun da wuri, ka kuma yi kaka biyu ko uku kana zagaya fagagen ƙauye, inda za ka haɗu da gajere da dogo, bahago da mai taɗiya. A kakar da kake shirin neman zaɓe, roƙi maigidanka ya riƙa haɗa ka da waɗanda suka fi ka da kilo 15 ko 20, sau ɗaya a mako, yana tsaye a kanku.